Idan Falke Ya Karye, Albashin Wa Ake Kamawa?



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karon, wata magana ce da ta taso mana bayan sallar La'asar a ƙofar masallaci, nan unguwar Hausawa ta New Bell. Wani ɗan uwanmu ne, wanda muka fi shekara 20 muna sauko da shanu tare daga Ngaundere zuwa Duwala, jarinsa ya karye. Ba caca ya yi ba, ba kuma shashanci ba. Ya ba mahauta shanu bashi kamar yadda kowa ke yi, waɗansu suka biya, waɗansu suka shiga yau da gobe, sai kuma tirela guda ta faɗi da kayansa a hanya. Ga bashin banki yana jira. Ranar da ya karɓi kuɗin bankin nan kuwa, babban ɗansa, wanda ke aikin albashi a wani kamfani wajen tashar jiragen ruwa, shi ya sa hannu ya tsaya masa. To yanzu sammaci ya iske yaron, ana neman a fara yankar albashinsa duk wata.

Alhajin ya dube mu ya ce, "Jama'a, in na je kotu na ce na karye, za a sakar wa yaron nan albashinsa?" Mu biyar ne a zaune, amsa biyar ya samu. Wani ya ce da zarar ka ce ka karye shi ke nan, bashi ya mutu, wai haka ake yi a Amurka. Wani ya ce kada ya kuskura, ga kurkukun New Bell nan kusa, can zai kwana. Na koma gida abin yana damuna, don bashi hanji ne, yana cikin kowa. Saboda haka na bi diddigin maganar. Abin da na fahimta shi ne, amsar tana ga ƙofar da mutum ya shiga a kotu, da kuma lokacin da ya shige ta.

DOKAR DA KE KANMU

Da farko mu san cewa dokar bashin kasuwanci a Kamaru ba tamu ce mu kaɗai ba. A ranar 17 ga Oktoba 1993 aka sa hannu a kan yarjejeniyar OHADA a birnin Port-Louis na tsibirin Moris, don ƙasashe su haɗa dokokin kasuwancinsu su zama iri ɗaya. Yau ƙasashe 17 ne a ciki, har da Kamaru da Cadi da Nijar da Gabon da Afirka ta Tsakiya. Sakatariyarta tana Yawunde, babbar kotunta tana Abijan. Nijeriya ba ta ciki, wannan kuwa a riƙe shi, don da yawa cikinmu muna da hulɗa da Mubi da Yola.

Dokoki biyu ne suka shafe mu, duka an yi su a Libreville ranar 10 ga Afrilu 1998. Ta farko ita ce ta karɓar bashi da kamun kaya, abin da masu Faransanci ke kira sezi. An sabunta ta a Kinshasa cikin 2023, sabuwar ta fara aiki a Fabrairun 2024. Ta biyu ita ce ta karyewar jari, an sabunta ta a Grand-Bassam ta ƙasar Kwaddibuwa cikin Satumban 2015. Wanda ya san maganar tun da daɗewa ya sake tambaya, don abubuwa da dama sun canja.

YADDA AKE KAMA ALBASHI

Ba haka kawai mai bin bashi zai tashi ya je wurin aikin mutum ya ce a ba shi albashinsa ba. Sai yana da takarda mai ƙarfin zartarwa, watau hukuncin kotu, ko sulhun da alƙali ya sa wa hannu, ko takardar da aka yi a gaban notar aka buga mata hatimin zartarwa. A lura da wannan ta ƙarshe: bashin da aka rubuta a gaban notar ba ya bukatar a sake doguwar shari'a. Akwai kuma gajeriyar hanya da ake kira umurnin biya. In wisiye, watau ma'aikacin da ke isar da takardun kotu, ya kawo maka irinta, kwana 10 kake da su ka yi jayayya, da can 15 ne. In ka jefa ta ƙarƙashin katifa kwanakin suka wuce, ta zama hukunci.

Ko da takardar tana hannu, dole a fara zaman sulhu a kotun inda wanda ake bi yake zaune. Sammacin da ya iske yaron nan, na wannan zaman ne. In sulhu ya yiwu, an huta. In bai yiwu ba, sai magatakardan kotu ya aika wa mai kamfani takarda, shi kuma ya riƙa cire wani kaso duk wata yana kai wa kotu. Mai kamfanin da ya ƙi cirewa, kotu na iya ɗora masa kuɗin a wuyansa. Wannan ya shafi duk wanda ke da direba ko akawu ko mai gadi a ƙarƙashinsa: in irin wannan takarda ta zo maka a kan yaronka, tausayi ba zai fisshe ka ba.

NAWA AKE IYA YANKA

Doka ba ta yarda a kwashe albashi duka ba. OHADA ta bar wa kowace ƙasa ta yanka nata ma'auni. Namu yana cikin dokar firaminista ta 9 ga Mayu 1994, wadda ta fito 'yan watanni bayan karya darajar sefa a Janairun wannan shekara. Ana lissafin ne bayan an cire haraji da sauran abin da gwamnati ke cirewa tilas, kuma ana yanka albashin gunduwa-gunduwa kamar haka.

Daga sefa 18,750 na farko, ana ɗaukar kashi 1 cikin 10. Abin da ya haura haka zuwa 37,500, kashi 1 cikin 5. Daga nan zuwa 75,000, kashi 1 cikin 4. Daga nan zuwa 112,500, kashi 1 cikin 3. Daga nan zuwa 142,400, rabi. Duk abin da ya haura 142,400 kuwa ana iya ɗaukarsa gaba ɗaya.

Alal misali, mai albashin sefa 100,000, abin da za a iya yanka masa bai wuce 23,333 ba. Mai 200,000 kuwa ana iya yanka masa 100,050, ya koma gida da 99,950. Mai 400,000 ma da 99,950 ɗin zai koma gida. Kun ga ke nan ma'aunin nan an yi shi ne da kuɗin 1994, ba da kuɗin hayar ɗaki da buhun shinkafa na yau ba. Duk wanda ya ce wa ɗansa, "Sa hannu kawai, ai albashinka babba ne," ya fara yin wannan lissafi tukuna.

WA KE IYA CEWA YA KARYE

A nan ne maganar Amurka ta ruɗa mutane. Can gaskiya ne, ma'aikacin albashi na iya zuwa kotu ya shigar da takardar karyewa ƙarƙashin babi na 7 ko na 13 na dokarsu, nan take yawancin kamun albashi ya tsaya, ban da irin kuɗin ciyar da 'ya'ya. Faransa ma tun 1989 tana da kwamiti na musamman don magidancin da bashi ya yi wa katutu. Mu dokarmu ta OHADA ba ta buɗe wannan ƙofa ga ɗan albashi ba. Ta buɗe ta ne ga kamfanoni da mai sana'ar kansa: ɗan kasuwa, mai aikin hannu, manomi da makamantansu. Falke yana ciki, mahauci mai cin gashin kansa yana ciki. Yaron da ke aiki a tasha ba ya ciki.

To ɗan albashi me ya rage masa? Abu uku: zaman sulhun nan, ma'aunin da na lissafa, da kuma roƙon alƙali ya ɗaga masa ƙafa. Doka ta ba alƙali ikon jinkirta biya ko rarraba shi har tsawon shekara 1, ban da bashin ciyar da iyali da na takardun kuɗi irin su cek.

Shi kuwa falke, ƙofofi huɗu ne a gabansa, a Duwala kuma babbar kotun Wuri da ke Bonanjo ita ke duba irin wannan shari'a.

Ƙofa ta farko, sasantawa cikin sirri da manyan masu binka, ta hannun mai shiga tsakani. Ƙofa ta biyu, rigakafi: kana cikin matsi sosai amma ba ka kai ga kasa biya ba. Kotu za ta dakatar da masu binka har wata 3, ana iya ƙara wata 1, ku tsara yadda za ka biya cikin lokacin da bai wuce shekara 3 ba. Ƙofa ta uku, farfaɗo da sana'a: ka riga ka kasa biyan abin da lokacinsa ya yi, amma akwai alamar sana'ar za ta tashi. Ƙofa ta huɗu, gwanjo: babu sauran fata, sai a sayar da abin da ka mallaka a raba wa masu binka.

Daga ranar da ka kasa biya, kwana 30 doka ta ba ka ka kai kanka. Akwai kuma sauƙaƙan hanyoyi don ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda ma'aikatansu ba su wuce 20 ba, cinikinsu na shekara kuma bai wuce sefa miliyan 50 ba. Ciniki fa aka ce, ba riba ba, don haka mai sauke tirela a kai a kai ya san ya wuce wannan layi.

ABIN DA KE TSAYAWA DA ABIN DA BA YA TSAYAWA

Ranar da kotu ta buɗe shari'ar farfaɗowa ko ta gwanjo, duk mai bin ka bashin baya hannunsa ya ɗaure. Ba mai ikon zuwa shi kaɗai ya kama maka kuɗi a banki, ko kuɗinka da ke hannun mahauta, ko shanunka a tike. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don dokar 2023 ta kawo babi na musamman a kan kamun dabbobi. In kuma kai falke ne mai wani aikin albashi a gefe, kamun da mutum ɗaya ya sa maka shi ma ya tsaya.

Amma kada a ɗauka an sakar maka dukiya ka yi yadda ka so. Kotu za ta naɗa wakili, shi ake kira sandik, da alƙali mai sa ido. A ƙofar farfaɗowa, kai da sandik kuke tafiyar da harka. A ƙofar gwanjo, hannunka ya fita ɗungum, sai abin da alƙali ya yanka maka na ci da iyali. Su kuma masu binka kowa zai kai takardar bashinsa wurin sandik cikin kwana 60 bayan sanarwa ta biyu a jarida. Na wajen ƙasa, kamar abokan hulɗarmu na Cadi da Nijeriya, kwana 90 suke da su. Wanda ya yi barci har lokacin ya wuce, yana iya rasa rabonsa. In mahaucinka ne ya karye, wannan gargaɗin naka ne.

Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu. Duk wanda ya zauna gaban malam ya ji babin muflisi a littattafan Malikiyya, inda alƙali ke hana wanda bashi ya cinye taɓa dukiyarsa, a raba wa masu binsa gwargwadon haƙƙin kowa, a bar masa abin rufin asiri. Manufar ɗaya ce: kada mai ƙarfi ko mai saurin ƙafa ya kwashe komai ya bar saura.

WANDA YA TSAYA WA WANI

Yanzu mun zo kan tambayar Alhaji. Yaron ba shi ya ci bashin ba, tsayawa ya yi. A dokar OHADA, wanda ya tsaya ana ɗaukarsa tamkar wanda ya ci, sai in an rubuta akasin haka. Da zarar an nemi uban ya biya bai biya ba, banki na iya juyawa kan ɗan, ba sai ya jira an sayar da gidan uban ba. Sharaɗi dai shi ne tsayawar ta kasance a rubuce, mai tsayawa ya rubuta iyakar kuɗin da hannunsa, da baƙaƙe da kuma lambobi. Wanda bai iya rubutu ba sai da shaidu 2. Abu na farko da lauya zai duba ke nan.

To in uban ya shiga ƙofar rigakafi ko ta farfaɗowa, gyaran 2015 ya sa inuwar da ta rufe shi ta rufe mutumin da ya tsaya masa. Ke nan neman da ake yi wa albashin yaron zai dakata muddin ana kan tsarin. Amma in ƙofar gwanjo ce, wannan inuwa babu ita. Uban ya samu sauƙi, ɗan kuwa za a ci gaba da yankarsa har bashin ya ƙare. Iyakar abin da doka ta ba shi, in ya biya, yana da ikon bin uban nasa. Wa zai kai mahaifinsa ƙara a cikinmu?

Ga inda gizo ke saƙa. Abin da ke raba ƙofar farfaɗowa da ta gwanjo shi ne ko akwai sauran abin da za a farfaɗo da shi. Mu kuwa al'adarmu, kunya ba ta barinmu mu yi magana da wuri. Sai mutum ya ci adashe ya toshe nan, ya karɓi shanun wani ya toshe can, ya sayar da fili, ya sayar da zinaren uwargida, yana sa babbar riga yana zuwa tike kamar ba komai. Ranar da magana za ta fito, ba sauran ko maraƙi, ƙofa ɗaya ta rage. Jinkirin uba shi ke cin albashin ɗa.

YARANMU MASU ALBASHI

Akwai wani albashin da bai kamata a manta ba, watau na yaran da ke mana aiki. In maigida ya karye, haƙƙinsu yana gaban na banki da na kowa, gwargwadon kason albashin nan da doka ta hana a taɓa. An umurci sandik ya biya su cikin kwana 10 da buɗe shari'a, in babu kuɗi a ƙasa, to daga kuɗin farko da ya shigo. Ko a ƙofar rigakafi, dakatarwar ba ta hau kan bashin albashi ba. Amma yaron da ba shi da wata takarda ko shaida, da me zai nuna ana riƙe masa wata 4? Mu riƙa rubutawa, don su da mu duka.

BAYAN AN RUFE SHARI'A

A ce an yi gwanjo, kuɗi bai kai ba, kotu ta rufe shari'a. Falken ya samu aikin albashi, ko gadi ko tuƙi. Tsofaffin masu binsa za su iya zuwa su kama wannan albashi? A dokar 1998 suna iyawa. Tun gyaran 2015, a ƙa'ida ba sa iyawa. Wannan rahama ce babba, amma tana da sharuɗɗa. Ba ta samun wanda aka kama da zamba, ko wanda kotu ta hukunta da laifin karyewar ganganci, ko wanda aka taɓa rufe masa irin wannan shari'a cikin shekara 5 da suka wuce.

A nan maganar mai tsoron kurkuku take da gaskiya. Karyewa kanta ba laifi ba ce. Laifi shi ne ɓoye dukiya, ƙirƙiro bashin ƙarya, ko ɓatar da littafin lissafi, kuma dokar Kamaru ta 10 ga Yulin 2003 ta tanadi ɗauri a kansu. Wanda ke tunanin tura garke Adamawa da sunan ƙanensa, ko rubuta gida da sunan matarsa, ya sani kotu na iya komawa baya har wata 18 ta duba abin da ya yi, ta ƙi amincewa da kyautar. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sannan kotu ta hana a bi ka, ba ta ce haƙƙin mutane ya sauka daga wuyanka ba. Wanda Allah ya sake buɗa wa, ya nemi mutanen nan ya biya su ko ya nemi yafiya. Mai bin bashi shi ma ya tuna an hore shi da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

SHAWARATA

Na ɗaya, a rubuta bashi, komai ƙanƙantarsa, komai kusancin da ke tsakani. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan wannan ta sauka. Kotu ba za ta farfaɗo da sana'ar da ba ta da lissafi ba, littafin da ke cikin kai kuwa ba ya zuwa gaban alƙali.

Na biyu, kada ka sa ɗanka ko surukinka mai albashi ya tsaya maka sai kun zauna kun lissafa abin da zai rage masa in abu ya ɓaci. In ya zama dole, a yanka iyakar kuɗin daidai ƙarfinsa.

Na uku, takardar wisiye ba a ajiye ta. Ranar da ta zo, ranar za a kai ta wurin wanda ya iya karatunta. Zaman sulhu kuma a je, don rashin zuwa ba ya hana kamu.

Na huɗu, in ka ga kana cin bashi don biyan bashi, lokacin magana ya yi. Ka sami shugabannin ƙungiya da dattawan tike, ka sami lauya, tun da sauran shanu a hannunka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shi ɗan uwan namu, na koma na same shi na zayyana masa duk wannan. Ya yi shiru, can ya ce, "Da na sani tun bara." Har yanzu yana da 'yan shanu a hannu, mahauta kuma suna riƙe masa kuɗi masu kauri, don haka ƙofar farfaɗowa ba ta rufe ba tukuna. Washegari shi da yaron suka kwashi takardunsu suka nufi Bonanjo. Mahautan da suka san suna riƙe da kuɗin bawan Allah nan, su ji tsoron Allah su kawo, don a kan kuɗin nan ƙofar za ta buɗe ko ta rufe.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a cinikinmu, ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, amin.

Wassalam.